Mma da Kazar Ɗori

Mahaifiyata, wadda mu 'ya'yanta da duk unguwar Kpangalam muke kira Mma, ba ta iya zama ba. Tun ina ƙarama ban taɓa ganin ta a kan kujera ba sai in tana gaban tandar masarta, kuma ko nan rabin zama ne, don kafin masa ta soyu ta miƙe ta gyara itace, ta kori akuya, ta leƙa wanda ke wucewa. In ka ce ta huta sai ta ce, "Zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi." Da masar nan ta ciyar da mu bayan rasuwar Baba, kuma har na girma na kama rumfar atamfa a babbar kasuwar Sokodé ba ta yarda ta ajiye ta ba. 'Yan zemijan, masu haya da babur, a ƙofar gidanmu suke karya kumallo. Ma'aikata ma sukan tsaya da kwanoninsu kafin su wuce wurin aiki.

Abu ɗaya na san tana tsoro. Kaka, mahaifiyarta, ta zame a bakin rijiya ta karye a ƙugu, ba ta ƙara takawa ba har Allah ya karɓi abinsa. Shekaru Mma tana ɗaga ta tana kwantar da ita, tana yi mata wanka, ba a taɓa jin ta yi ƙorafi ba. Amma tun daga lokacin duk addu'ar da za ta yi sai ta rufe da, "Allah kada ka mai da ni kayan ɗauka." Mun ji har mun haddace, wani lokaci mukan riga ta faɗa don tsokana.

Ƙanena mahauci ne a Dapaong, can arewa. Da matarsa ta haihu a tsakiyar rani, Mma ta ɗaure kayanta ta tafi suna, ta bar mini tanda da gargaɗi kamar mai tafiya Makka. An yi suna lafiya. Washegari ta hau zemijan za ta kasuwa sayen zabi, don a ganinta zabin Dapaong sun fi na ko'ina daɗi, sai wani ɗan alade ya gitta musu. Mai babur ya kauce, suka zube. Shi ya tashi da ƙujewa a gwiwar hannu, ita kuwa ta yunƙura ta ji ƙafar hagu ta ƙi. Har yau in ana labarin, ba karayar ce ta fi ɓata mata rai ba. Abin da ke ci mata tuwo a ƙwarya shi ne a ce duk dabbobin Allah alade ne ya kayar da ita.

Da ƙanena ya buga mini waya na rufe rumfa na shiga mota. Muka wuce Bafilo, muka wuce Kara da Mango, ban ga komai a hanya ba, ko ruwa ban iya sha ba. Na iske ta a ɗakin maijego, ta juya fuska bango. Ban gama sallama ba ta ce, "Ta Kaka ta same ni."

Na ce, "Haba Mma, Kaka ƙugu ne, ke kuwa ƙwauri."

Ta ce, "Ƙashi ai ƙashi ne."

Kafin in iso an riga an kai ta asibiti an ɗauki hoton ƙashin, wanda mu a nan muke ce wa radiyo. Likita ya ce karayar ba ta yi muni ba, ƙashin bai huda fata ba, a sa filasta. Mma ta ce ita ba za a zuba mata siminti a ƙafa kamar ginshiƙin gida ba, ɗori take so, irin wanda ta san iyayenta da shi. Na yi lallashi, na yi faɗa, duk a banza, hali zanen dutse ne. Sai ƙanena ya ce akwai wani tsoho ɗan ƙabilar Moba a Korbongou, manomi, wanda shi ƙanen nawa yake sayen tumaki a wurinsa. Ɗori gadon gidansu ne, kuma mahauta da 'yan zemijan na Dapaong duk sun san ƙofarsa.

Muka ɗauke ta a taksi. Muka iske tsohon a gindin kaɗanya yana gyaran ƙotar fartanya, ɗan tsamurmuri, da hular saƙa a kansa. Hausarsa ta kasuwa ce, mace da namiji duk "kai" ne a bakinsa. Bai taɓa ƙafar ba sai da ya ce, "Ina hoton lopital?" wato hoton asibiti. Muka miƙa masa. Ya ɗaga shi sama yana kallo a hasken rana, ya bi layin karayar da farce. Ya ce, "Da ƙashi ya fito waje, ni ba na taɓa shi, lopital zan mai da ku. Wannan kam aikina ne. Ina kaza?"

Ashe ƙanena ya san tsarin, ya taho da wata kaza wake-wake a bayan mota. Ni na zaci ta goron gaisuwa ce.

Matar tsohon ta kawo ruwan ɗumi da dakakken ganye da man kaɗe. Ƙanena ya riƙe kafaɗun Mma, matar ta danne cinya. Tsohon yana shafa ƙwaurin a hankali yana jan ta da hira. Ya ce, "Mama, an ce kana yin masa. Na shinkafa ne ko na masara?" Mma ta buɗe baki za ta ba shi amsa, don ba a tambayar ta masa ta yi shiru, shi kuwa ya ja ƙafar da ƙarfi ya daidaita. Ihun da ta yi sai da zabin gidan suka watse. Ta zage shi da Hausa, da Hausar ta ƙare ta aro Kotokoli, harshen maƙwabtanmu na Sokodé. Shi dariya kawai yake yi yana cewa, "Zagi, Mama, zagi, yana fitar da zafi." Ya shafa ganyen da man, ya kawo tsagaggen karan dawa da aka saƙa kamar ɗan asabari, ya kewaye ƙwaurin da shi, ya naɗe da tsumma.

Sai ya miƙa hannu aka ba shi kazar. Ya laluba ƙafarta ta hagu, na ji ƙas. Na runtse ido, raina ya ɓaci, na ce, "Baba, ita kuma me ta yi?" Ya shafa mata sauran maganin, ya ɗaure ƙafar da tsinkayen tsintsiya da zare, ya ajiye ta a cinyar Mma. Ya ce, "Ku biyu ciwo ɗaya, magani ɗaya. Ranar da kaza ya taka ƙasa, kai ma ka taka. In kun warke, kaza nawa ne."

Ni dai ban ɗauki maganar kazar da wani nauyi ba. Amma na ga fuskar Mma ta saki, abin da ban gani ba tun zuwana. Ta shafa bayan kazar ta ce, "Sannu 'yar'uwa, ni na ja miki."

Mun yi makonni a Dapaong. Tsohon yakan zo a kan kekensa ranar kasuwa, ya kwance ɗaurin, ya matsa yatsun ƙafar ya ga ko jini na gudu, ya shafa mai, ya sake ɗaurewa. Ya ce a dinga ba ta romon ƙashi. Ga ɗanta mahauci, abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Da ya ce ƙashin ya fara kamawa, ya nuna mini yadda zan sassauta ɗaurin in mayar, ya faɗa mini lokacin da zan cire karan gaba ɗaya, ya sallame mu. A tasha direba ya ce kaza a saman mota za ta tafi tare da kaya. Mma ta ce to ita ma a ɗaure ta a can. Haka muka taho Sokodé, ƙafar Mma a miƙe bisa buhu, kaza a cikin kwando bisa cinyarta.

A gida kazar nan ta shiga daular da ko amarya ba ta samu. Mma ta sa aka shimfiɗa mata tsohon zane a gefen gado. Tsaki ba ya cikin abincinta. Shinkafa dafaffiya take ci, da ɓarɓashin wagashi, wato cukun nonon shanu, da ƙosai, duk a tafin hannun Mma. Ruwanta a ɗan kwanon sha na tangaran. In ta yi yunƙurin tashi sai Mma ta danne ta tana cewa, "Kwanta, kada ki ɓata mana ɗori." Matan unguwa da ke zuwa dubiya sukan durƙusa su jero gaisuwarsu doguwa ta Kotokoli, in sun gama da Mma su juya su ce, "Ya jikin ɗayar?" Wata ma har gara ta tono mata a jikin suri ta kawo a cikin gwangwani. Kazar ta ci ta goge baki a zanen, ko kallon mai kawowa ba ta yi ba.

Mu ma haka muke yi wa Mma. Buta, abinci, carbi, goro, komai sai an kai mata har gado. Ko ƙuda ya sauka mata wani ke korewa. Ni kuma na gaji tanda a ƙofar gida, kullum da safe kafin in tafi kasuwa. A nan ne asirina ya tonu, don ni hannuna na awon yadi ne. Masata in ba ta ƙone a baya ba to cikinta ɗanye ne. 'Yan zemijan suna saye don kara, suna tauna suna kallon sama. Wani ya ce, "Yaya, yaushe Mma za ta tashi?" Wani mara kunya ya ce in ajiye masa guda biyu zai yi facin taya.

Lokaci ya yi na cire karan, na Mma da na kazar. Muka kai Mma asibiti a Sokodé aka sake radiyo. Likitan ya nuna mana wurin karayar, wani farin abu ya kewaye shi kamar inda mai walda ya liƙe ƙarfe. Ya ce sabon ƙashi ke nan, jiki da kansa yake haɗa shi, kuma ya kama sosai. Yanzu saura ta fara takawa kaɗan-kaɗan da sanda. In ta ci gaba da kwanciya naman ƙafar zai zube, gwiwa ta ƙage, a zo ƙashi ya warke amma mai shi ta kasa tashi. Na yi murna har na rungume hoton. Mma kuwa ta ce, "Dokta, kaza ba ta taka ba."

Gaskiya ta faɗa. Kazar ta yi ƙiba har wuyanta ya ɓace, tana zaune a kan zanenta tana lumshe ido. In ka ɗaga ta ka ajiye sai ta sake baje fukafukai ta kwanta. Sati ya bi sati. Ƙafar Mma ta hagu ta fara ramewa, ina gani idan ina shafa mata mai, ta fi ta dama sirantaka. Ran nan haƙurina ya ƙare. Na ɗauko tsintsiya na kaɗa kazar, ta yi tsalle ɗaya ta koma ta zauna tana mini kallon raini. Na ce, "Wallahi yau sai na yanka 'yar banzar nan mu yi farfesu, in ga wa za ki jira!"

Mma ba ta yi mini faɗa ba, kuma da faɗan ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta jawo kazar jikinta, hawaye na zuba. Ta ce, "Ke kina ganin son kwanciya nake yi? Kaka ma an ce mata ta warke. Na ɗaga ta da hannuna, ta taka, ta zube a jikina. Tun daga ranar ba ta sake gwadawa ba. In na taka na faɗi, shi ke nan, na zama kayan ɗauka, ke kuma kin zama ni. Muddin kazar nan ba ta taka ba, ina da sauran sa rai."

Na ajiye tsintsiyar na fita tsakar gida na yi kukana, don tausayinta ya kama ni, tsoro kuma ya kama ni. Daga nan na buga wa ƙanena waya na ce ya hau babur ya je Korbongou, ya kira ni ta bidiyo in ya isa.

Da tsohon ya bayyana a wayar, ya kusanto da fuskarsa har hancinsa kaɗai muke gani. Na nuna masa hoton ƙashin, ya gyaɗa kai. Na nuna masa ƙafar, ya ce in matsa nan, in matsa can, Mma ta ce ba zafi. Sai na juya wayar kan kazar. Ya fashe da dariya har hularsa ta faɗi. Ya ce, "Wannan kaza ne ko rago? Me yake ci?" Mma ta lissafa masa da alfahari, har da wagashi. Ya riƙe ciki. Ya ce, "Mama, ni ma in an ba ni wagashi a kan zane ba zan tashi ba! A gidana kaza mai ɗori yana kwana a akurki da 'yan'uwansa, yunwa ke tashe shi. Ƙafan kazan nan ya warke tun tuni, kai ka hana shi sani. Ƙashi in ya kama, nauyi yake so. Ku fitar da shi waje, ku watsa tsaki nesa. Mama kuma a sa masa kujera a bakin ƙofa, ya daina cin abinci a gado."

Muka yi yadda ya ce. Aka ajiye kazar a gindin mangwaron tsakar gida, aka watsa tsaki can wajen rijiya. Muka ɗauko Mma muka zaunar da ita a bakin ƙofar ɗaki, da sandar Baba a jingine kusa da ita. Kazar ta wuni tana ƙorafi, Mma ta wuni tana fushi da mu, ta ce mu marasa imani ne. Washegari ma haka. Na fara tunanin tsohon nan ya yi kuskure.

Sai ga hadarin farkon damina ya haɗo da la'asar. Aka yi ruwa mai ƙarfi, ƙasa ta yi ƙamshi, yana ɗaukewa shinge, garar nan mai fukafukai, suka fara fitowa daga gindin katanga suna tashi. Ɗaya ya faɗo a gaban kazar, ta cafke. Wani ya faɗi ɗan nesa, ta miƙa wuya bai kai ba. Sai kawai muka ga ta miƙe tsaye a kan ƙafafunta biyu. Ta yi taku ɗaya da ɗingishi, ta yi na biyu, daga nan ta zuba a guje tana rangaji, ƙibar na rinjayar ta, tana bin shinge har bakin rijiya. Maƙwabciyarmu da ke tara ruwa ta saki bokiti ta rangaɗa guɗa. Mutane suka shigo suna tambayar ko haihuwa aka yi. Mma tana dariya tana tafa hannu tana cewa, "Ku gan ta, ku gan ta, 'yar ƙwal uba, ashe lafiyarta ƙalau!"

Na ɗauko sandar na miƙa mata. Dariyar ta tsaya. Ta dubi sandar, ta dubi ƙasa, ta ce, "Ƙasa da santsi. Gobe."

Na san irin wannan goben. Da safe, maimakon in kai tanda ƙofar gida, sai na kafa murhu a tsakar gida, daidai inda take iya gani daga kujerarta. Na ce waje ya yi laka. Masu saye suka shigo ciki da kwanoninsu. Tun da ta kwanta, ranar ce ta fara ganin abin da nake yi wa sunanta. Ba zan ce da gangan na cika wuta ba, ba kuma zan ce ba da gangan ba.

Na zuba mai, ta ce, "Ya yi yawa." Na zuba ƙullu, ta ce, "Ke, rabin ludayi ake sawa!" Na sa cokali zan juya, ta ce, "Ba ta yi ba tukuna!" Na bari, ta ce, "Juya mana, kin kashe ta!" Hayaƙi ya tashi. Na juya ɗaya ta tarwatse, na kwashe wata baƙa ƙirin na jefa a kwanon ɗan zemijan ɗin nan mai facin taya. Ya ɗaga ta sama yana nuna wa jama'a. Mma tana ta salati a bayana, tana cewa shekara da shekaru tana gina mutuncinta na rushe shi a safiya ɗaya. Ni dai na duƙufa, ban waiwaya ba, na sake cika ludayi har yana zuba.

Sai na ji an fizge cokalin daga hannuna. Muryarta a kan kafaɗata ta ce, "Matsa, ba ni wuri!"

Na matsa. Ga Mma a tsaye, sandar Baba a hannun hagu, cokali a hannun dama, kujerarta kuwa tana can bakin ƙofa ba kowa a kai. Ta kai cokalin za ta juya masa, sai ta lura kowa ita yake kallo. Ta waiwaya ta dubi kujerar. Ta sunkuya ta dubi ƙafarta. Ta ɗan ɗaga ta, ta sake dire ta a ƙasa, ta danna. Ta ce, "Ashe ba ta Kaka ba ce."

Na rungume ta ina kuka ina dariya, 'yan zemijan suka fita suna danna hon, maƙwabciya ta sake guɗa. Duk wannan hidimar ba wanda ya tuna da tanda. Masar da ke ciki ta ƙone ƙurmus, kuma ita ce ta farko da ta taɓa ƙonewa cokali na hannun Mma. Muka rarraba ta muka cinye, har aka yi rigimar wanda bai samu ba.

Da kaka ta yi, ta ce alkawari kaya ne, za ta mayar da kazar da kanta. Muka tafi tare. Da taksi ya kai mu bakin hanyar Korbongou ta ce a sauke ta nan, da ƙafa za ta ƙarasa. Ta saƙale kazar a hammata, ni ina biye da kwaryar masa, muka ratsa gonakin dawa. Tsohon ya hango mu daga gindin kaɗanyarsa, ya miƙe yana dariya, ya ce, "Mama, a cikinku wanne zan karɓa?" Ta ajiye kazar a gabansa ta roƙe shi kada ya yanka. Ya ce ƙwai zai sa ta yi masa, in ta iya bayan wagashi.

Da azahar ta yi Mma ta nemi ruwa ta yi alwala, na shimfiɗa mata mayafina a inuwa. Matar tsohon ta kawo 'yar kujera don ta zauna ta yi sallar. Mma ta yi mata godiya, ta ture kujerar gefe da ƙafar hagu, ta ta da kabbara a tsaye.